Wane ne fadan da ya rubuta labarin Sarauniya Njinga?

Tambaya: Malam, na sha ganin zanen Sarauniya Njinga ta Angola zaune a gadon bayan baiwarta tana magana da Turawa. Wa ya kawo wannan labari, kuma abin dogaro ne?

Amsa: Labarin ya fi yaɗuwa ne ta littafin Giovanni Antonio Cavazzi, wani fada ɗan Italiya na ɗarikar Kafucin ta cocin Katolika. An haife shi a 1621, ya sauka Luwanda a 1654, zamanin da Turawan Fotugal ke jidar bayi daga yankin zuwa Burazil. Bayan yawon wa'azi a cikin ƙasa, ya isa fadar Njinga a Matamba a 1660, kuma yana nan lokacin da ta rasu a Disambar 1663. Littafinsa kan masarautun Kongo da Matamba da Angola bai fito ba sai 1687 a Bologna, shekara tara bayan mutuwarsa, kuma sai da wani ɗan ɗarikarsu ya yi masa gyaran fuska.

To ka lura da lissafin. A 1622 Njinga ta je Luwanda a matsayin jakadiyar ɗan'uwanta, sarkin Ndongo. An ce gwamnan Turawan Fotugal ya hakimce a kujera, ita kuwa aka yi mata shimfiɗa a ƙasa. Ta ƙi, ta yafito baiwa ta durƙusa, ta zauna a kanta aka ci gaba da magana. Shekarar nan Cavazzi ko yaye shi ba a yi ba. Ji ya yi, bai gani ba, ko da yake ya zauna da ita kanta mai labarin.

Ni inda na fi yarda da shi shi ne abin da ya gane wa idonsa: zaman fada, ginin coci a Matamba, jinyar sarauniya da jana'izarta. Inda nake ɗari-ɗari kuwa shi ne shekarun da ta haɗa kai da gungun mayaƙa masu kai hare-hare da ake kira Imbangala. Nan ya cika shafuka da yanka mutane da cin namansu. Ba cewa nake duk ƙarya ba ce, amma mutum ne da ke son nuna wa manyansa a Rum girman tubar da ta yi ta koma addinin Katolika a 1656, kuma gwargwadon munin jiya, gwargwadon yabon masu wa'azi.

Rubutunsa na hannu ya tsira a gidan iyalin Araldi a Modena, da zane-zane masu launi na maƙera da makaɗa da mayaƙa. Masana tarihi kan gwada shi da bugun 1687 don gano abin da aka sauya.