Kwamfutar kasuwancina ta yi nauyi: in sayi sabuwa ko in gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kaya daga gida, kuma lissafina duka, da sunayen kwastomomi, da bashin da nake bi da wanda ake bi na, suna cikin kwamfuta ɗaya wadda yarana ma suke amfani da ita. Kwanan nan ta yi nauyi ƙwarai, intanet ɗin gidan kuma sai ya riƙa yankewa. Na ware wani abu daga riba. In sayi sabuwa ne, ko in biya kuɗin manhajar kariya kamar yadda wani ya ba ni shawara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Duka biyun ba su ne ya kamata su fara cin kuɗin ba. Kwamfuta idan ta mutu ana samun wata a kasuwa, amma littafin bashinki ba mai sayar miki da shi, kuma yanzu haka kwafinsa ɗaya ne tak, a cikin na'urar da ta fara nuna alamun gajiya. Saboda haka ki fara da sayen faifan ajiya na waje, irin wanda ake jonawa ta USB, mai girman da ya ninka bayananki aƙalla sau biyu, ki kwashe komai a ciki yau ɗin nan. Ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi ita ce kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, ɗaya daga ciki ba a cikin gidan ba. Na ukun zai iya zama Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta, kuma wannan ya ishi takardun lissafi na shekaru. Idan kin gama kwafa ki zare faifan, domin manhajar da ke garkuwa da bayanai tana kulle duk abin da ta tarar a jone. Sau ɗaya a wata ki buɗe fayil biyu ko uku daga cikinsa ki tabbatar suna buɗewa. Mutane da yawa sai ranar da suka buƙaci kwafin suke gane ya daɗe da lalacewa.

Sai maganar nauyi. Ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, shafin Task Manager zai buɗe, ki dubi alƙaluman da ke sama a lokacin da take jan ƙafa. Idan layin Disk ya tsaya a kashi 100 alhali ba wani babban aiki kike yi ba, akasari tsohon faifai ne mai juyawa a ciki. Maye gurbinsa da SSD, wato faifan zamani marar juyawa, shi ne gyaran da ya fi kowanne biyan kuɗinsa: kwamfutar da ke ɗaukar minti uku kafin ta tashi takan koma ƙasa da rabin minti. Idan Memory ne ke haura kashi 85, RAM ɗin, wato ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki da shi, shi ne ya yi kaɗan. Gigabait 4 ba ya isar aikin yau, a ƙara ya kai 8. Idan kuma wata manhaja da ba ki san ta ba ce ke cinye CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ki shiga Windows Security ki zaɓi binciken da ake kira Microsoft Defender Offline, wanda ke sake kunna kwamfutar ya bincika ta kafin muguwar manhaja ta samu damar ɓuya. Ki saurara da kunne kuma. Fanka mai ihu ba tsayawa ƙura ce ta toshe hanyar iska, zafi ya sa na'urar ta rage wa kanta gudu. Ƙarar ƙyas-ƙyas daga faifai kuwa alamar mutuwarsa ce, kada ki jira gobe.

Akwai hali ɗaya da za mu ce ki sayi sabuwa ba tare da jinkiri ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma yana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, kuma idan CPU ɗin na kamfanin Intel ne sai daga zubi na 8 zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Manhajar PC Health Check za ta faɗa miki ko taki za ta ɗauka. Idan ba za ta ɗauka ba, kada ki zuba kuɗin gyara mai yawa a kanta. Dalilin ya bayyana a watan Mayun 2017, lokacin da manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin gwamnati a Ingila, ta wata kafa da Microsoft ya riga ya fitar da maganin toshe ta tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su abin ya ci. Idan kuwa taki za ta ɗauka, a ganinmu gyaran da bai kai rabin kuɗin sabuwa ba ya fi riba, sauran kuɗin ya koma jari.

Manhajar kariya ta kuɗi ba dole ba ce. Defender da ke zuwa cikin Windows ya wadatar da ƙaramin kasuwanci muddin ana barin sa yana sabuntawa. Kada a haɗa manhajojin kariya biyu, faɗa suke yi da juna su ƙara nauyi. Babbar ƙofar ɓarna ita ce manhajojin sata da ake saukewa kyauta, musamman wasanni, kuma a nan ne maganar yara ta shigo. Ki buɗe musu asusu nasu a kwamfutar, irin wanda ake kira Standard, wanda ba ya iya girka yawancin manhajoji sai da kalmar sirrinki. Minti biyar ne, ba ko sisi.

Yankewar intanet kuma, kafin ki zargi kamfani ki gano inda matsalar take. Idan ta yanke a kwamfuta amma wayarki tana aiki a kan Wi-Fi ɗin nan, laifin kwamfutar ne. Idan duka sun tsaya, ki jona kwamfutar da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gidan, ta hanyar kebul. In ta yi aiki da kebul, siginar Wi-Fi ce matsalar: a ɗaga rautar sama a tsakiyar gida, nesa da bango mai kauri, ƙarfe da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef, wadda ke aiki a zango ɗaya da Wi-Fi na 2.4GHz. A wannan zangon tashoshi 1 da 6 da 11 ne kawai ba sa hawa kan juna, ki gwada su ɗaya bayan ɗaya. Zangon 5GHz ya fi sauri amma ba ya ratsa bango sosai. In ko da kebul ba ta yi ba, ki buɗe Command Prompt, wato shafin rubuta umarni na Windows, ki rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin rautar ba ta ba kwamfutar adireshi ba. A zare mata wuta na daƙiƙa 30 a mayar. Sannan ki rubuta ping 8.8.8.8. Idan ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, tsarin fassara sunayen shafuka ne, wato DNS, ya samu tangarɗa, kuma sauya shi zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 yakan warware. Idan bai amsa ba sam, to yanzu ne lokacin kiran kamfanin, kuma kina da hujjar da za ki faɗa musu.

Tunda kin taɓa rautar, ki gyara tsaronta gaba ɗaya. Ana shiga saitinta ta hanyar rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 a burauza. Ainihin adireshin yana kan takardar da ke manne a ƙasanta. Kalmomin sirri biyu gare ta, ta Wi-Fi da ta mai gudanarwa, kuma ta biyun ce kowa ke mantawa da ita a yadda ta zo daga masana'anta. Da irin waɗannan kalmomin ne muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye kyamarori da rautoci a 2016. Ki sauya duka biyun, kowacce ta kai haruffa 14 ko fiye. A wurin zaɓen tsarin tsaron Wi-Fi ki zaɓi WPA3, ko WPA2 in babu shi, ban da WEP. Ki kashe WPS, wato hanyar jona na'ura ba tare da kalmar sirri ba, domin lambarsa mai alƙaluma 8 ana iya gano ta cikin gwaji kusan 11,000 kacal, ki kashe damar sarrafa rautar daga waje, sannan ki kunna layin baƙi domin yara da masu ziyara, kwamfutar kasuwanci ta zauna ita kaɗai a babban layin.

Abin da ya fi kwashe kuɗin 'yan kasuwa sau da yawa ba ya bi ta rauta, ta imel yake shigowa. Wanda ya mallaki imel ɗinki zai iya sauya kalmar sirrin duk asusun da ke rataye da shi. Ki kunna tabbaci mai mataki biyu, da manhaja irin Google Authenticator maimakon saƙon tes, saboda ana iya sace layin waya, ki rubuta lambobin ko-ta-kwana da za a ba ki don ranar da wayar ta ɓace a takarda ki adana. Duk ranar da saƙo ya zo daga dilanki cewa ya sauya lambar asusun banki, ko da daga adireshinsa na gaskiya ya fito, kada ki tura komai sai kin kira shi a lambar da kika daɗe da sani, ba wadda aka rubuto a cikin saƙon ba.