Kafin ka canza kwal, fara da buhu biyu

Salamu alaikum. Ƙanena da ya yi tambaya jiya, wanda ya kama haya a wani ƙauye kusa da Durham a Ingila, gidan ba gas sai murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi. Ka ce kwal ɗin da mai gidan ya nuna maka ya yi tsada, ka ga wani mai araha a gidan mai, kana so ka ji ko ka koma masa. Hunturu bakwai ke nan ina fama da irin wannan murhu a Yorkshire, don haka bari in ba ka nawa labarin.

Da farko buɗe murhun ka leƙa. In ka ga ragar ƙarfe a ƙasa, da aljihun toka a ƙarƙashinta, to yana cin kwal yana cin itace. In kuwa ƙasansa shafe yake ba raga, na itace ne kawai, maganar kwal ma ba ta taso ba. Kwal ta ƙasa yake shan iska, itace kuma ta sama.

Sannan abin da muke kira kwal a buhu yanzu ba shi ne kwal irin na dā ba. Tun 1 ga Mayu 2021 aka hana sayar da ɗanyen kwal mai hayaƙi a buhu a Ingila, a Mayun 2023 kuma aka hana dillalai kai shi gidaje gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne antirasayit, wannan mai tauri da ƙyalli, da kuma na curi, wanda ake niƙa gari a mulmula shi kamar ƙwan agwagwa, irin su Homefire da Taybrite da Phurnacite. Na curin dole ka ga tambarin Ready to Burn a jikin buhunsa, shi ne shaidar farar wutar da ke ciki ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba. Ka kuma duba shafin ƙaramar hukumarku ko unguwarku na cikin wuraren da aka hana tayar da hayaƙi, domin tarar tana kamawa daga fam 175 zuwa 300. Mutanen nan ba sa wasa da hayaƙi tun bayan hazon da ya kashe dubban mutane a Landan a Disamban 1952.

To, ga inda na ƙone hannuna. A hunturuna na uku na ga wani kwal, ba zan kama suna ba, buhu ashirin a farashin da ya sa na ji kamar tsintuwa na yi. Ban gwada ko ɗaya ba na ce a sauke min duka. Daren farko har na yi wa uwargida alfahari. Yana kamawa nan da nan, zafi kamar maƙera, sai da muka buɗe ƙofar falo. Na cika murhu wajen ƙarfe goma, na rage iska yadda na saba, muka kwanta. Da asuba na sauko zan yi alwala, na ɗora hannu a kan murhu, sanyi ƙalau kamar randa. Na tona, ko garwashi ɗaya babu. Wanda na saba da shi kuwa, in ka kaɗa raga da asuba ka buɗe iska, kafin ka idar da salla ya yi ja.

Wannan ma mai sauƙi ne. Bayan kamar mako uku hannun kaɗa raga ya ƙi motsi. Da na kwashe komai sai na tarar toka ta narke ta dunƙule kamar kashin maƙera ta maƙale tsakanin ƙarafan, biyu daga ciki kuma sun lanƙwashe. Dattijon da ke share mana bututun hayaƙi ya fasa curi ɗaya ya duba, ya ce an cika masa dusar matatar mai, abin da suke rubutawa petroleum coke. Ita ce ke ba da wannan mahaukacin zafin, ita ce kuma ke cin ƙarfe. Masu ƙera murhu da yawa sun rubuta a littafinsu cewa kada a ƙona ta zalla. Ni ban karanta littafin ba sai bayan na sayi sabuwar raga da kuɗina, don mai gida ya ce ba ruwansa, kuma gaskiyarsa. Amma ni ma da laifina: na riƙa barin toka ta cika aljihu har ta taɓo raga, iska ba ta samun hanyar sanyaya ƙarfen. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, ni dai na ga zahiri.

Ba ina cewa duk mai araha banza ba ne. Wanda nake amfani da shi yanzu ya fi na farkon sauƙin kuɗi, kuma mun zauna lafiya. Abin da nake yi in zan canza shi ne in sayi buhu biyu kacal, in bar murhu ya mutu, in share shi tas, sannan in ƙona sabon shi kaɗai kwana uku ko huɗu. Kada ka gauraya da tsohon, ba za ka gane wanda ya yi aikin ba. Kada kuma ka yanke hukunci a daren farko, kowane kwal da irin iskar da yake so. Antirasayit, misali, wuyar kamawa gare shi, sai ka yi masa shimfiɗar garwashin ƙirare sosai, harshensa kuma gajere ne shuɗi, wanda bai sani ba sai ya ɗauka wutar mutuwa take yi. In bututunka ba ya jan iska da ƙarfi, zai ba ka haushi. Abin lura dai shi ne ko yana kai ka asuba, sau nawa kake zubar da toka a rana, da yadda gilashi yake wayewa.

Lissafin kuɗin kuma ka yi shi da kilo. Na gidan mai sau da yawa kilo 10 ne, na dillali 20 ko 25, sai ka ga mai arahar ne ya fi tsada. Ɗaga buhun ka girgiza. In ya daɗe a waje ruwa ya shige shi, ka sayi ruwa ke nan, in kuma an yi ta jifa da shi, gari za ka tarar a gindi, garin nan kuwa shaƙe wuta yake yi.

Saura abu biyu da ba na sasauci a kansu. Kada ka riƙa ɗora ɗanyen itace a kan kwal: danshin itacen da farar wutar kwal in sun haɗu a bututu suna cin ƙarfensa, sai ka ga ya huje. Na biyu, na'urar da ke yin ƙara in iskar kabon monoksaid, gubar nan marar wari da wuta ke fitarwa, ta taru. Doka ta ɗora wa mai gidan haya ya saka ta a ɗakin da murhun yake, in babu ka kira shi yau. Duk mun san labarin masu shiga ɗaki da kurfoti lokacin hunturu a gida su rufe ƙofa. Tokar da ka kwashe ma tana fitar da iskar nan muddin da zafinta, saboda haka bokitin ƙarfe, kuma a waje, ba a kicin ba.

Turo mana hoton cikin murhun da na bayan buhun, inda aka rubuta abin da ke ciki, in duba maka. Allah ya raba mu da sanyin nan lafiya.