Yarjejeniyar kare jarin baƙi ba inshora ba ce

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kakuri. Wani ɗan China na so mu haɗa jari mu kafa masana'antar sarrafa citta, mu riƙa saro ta daga Kachia. Sai na sayar da filayena biyu kafin in cika kasona. Wanda ya haɗa mu ya ce in kwantar da hankalina, akwai yarjejeniyar kare jari tsakanin Najeriya da China, ko an yi asara gwamnati za ta biya mu. Kwana uku ke nan ban runtsa ba. Gaskiya ne?

Amsa: Alhaji, don Allah kada ka sayar da ko taku ɗaya na filinka a kan wannan magana. Yarjejeniyar tana nan, an sa mata hannu a 2001, amma ba kai take karewa ba. Ɗan China da ya zuba jari a nan take karewa, da ɗan Najeriya da ya zuba nasa a China. Kai da ke gida, kotunanmu ne gatanka.

Shi ma baƙon, ba daga asara take kare shi ba. Wannan ruɗanin ne ya fi damuna, domin kusan kullum sai na ci karo da shi. Kwanan baya wani dattijo ya shigo ofishina da takardu a leda, an yi masa fotokwafin irin wannan yarjejeniya, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalmar kariya. Ya riga ya biya ɗan kamasho, ya sayar da shagonsa. Da na karanta masa sashen, sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya yi shiru. Masu yaɗa wannan ƙarya ba su taɓa karanta shafi biyu na takardar ba, ladansu kawai suke hange.

Abin da irin wannan yarjejeniya ke hanawa shi ne zaluncin hukuma: ta ƙwace masana'antar baƙo ba diyya, ta nuna masa bambanci, ko ta hana shi fitar da ribarsa. Idan cuta ta cinye gonakin citta kamar yadda ta yi a Kudancin Kaduna a 2023, babu wanda zai biya ku sisi. Haka idan naira ta faɗi, ko kuɗin dizal ya cinye riba, ko abokin naka ya kwashe kuɗi ya hau jirgi. Babu hannun gwamnati a ciki, babu ƙara.

Ko inda hukuma ta yi laifin, hanyar doguwa ce. Kamfanin Zhongshan na China ya samu saɓani da gwamnatin Ogun a 2016, masu sasanci suka yanke masa diyyar kusan dala miliyan 70 a 2021 bisa wannan yarjejeniyar, amma har 2024 yana bin kuɗinsa, sai da kotu a Faransa ta ba da umarnin riƙe jiragen fadar shugaban Najeriya uku. Wa ke da kuɗin lauyoyin shekara takwas a cikinku?

Ka nemi lauyanka na kanka, ba wanda mai haɗin ya kawo ba. A rubuta kason kowa da yadda za a rabu in an saɓa, a yi wa kamfanin rajista a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, a binciki takardar filin masana'antar a KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna. Sannan ka ce baƙon ya shigo da kuɗinsa ta banki, ya nuna maka takardar shaidar shigo da jari. Sai ka gan ta da idonka kafin ka kira dillalin fili.