Wata biyu da haɗa ku, rigima ta fara? Kada ka nemi a sauya maka su

Ɗan'uwa, ka ce an ba ka mutum tara ka jagoranta, ko wata biyu ba a cika ba sun fara cacar baki a kowane zama, kana tunanin ka nemi a sauya maka wasu. Dakata tukuna. Na shekara goma sha ɗaya ina riƙe da ma'aikata, kuma tawagar da ta fi ba ni ciwon kai ita ce wadda kowa ke cewa "to, ranka ya daɗe" a gabana, sai an watse a yi ta gunaguni.

Makonnin farko ai kowa mutumin kirki ne, tunda ba wanda ya taka wani. Sai aiki ya kankama hali ke fitowa. Bruce Tuckman, masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, ya bayyana haka tun 1965: a haɗu, a yi gogayya, a daidaita, sannan aiki ya miƙe. Ku kuna kan gogayyar. In aka kawo maka sababbi, farko za ka koma.

Abin da na gane a makare shi ne, yawancin faɗan da muke ɗora wa hali, rashin iyakar aiki ne ke kawo shi. Na taɓa samun mutum biyu da ba sa ga maciji, har na yanke cewa jininsu ne bai haɗu ba. Ashe rahoto ɗaya ne kowannensu yake zaton nasa ne, kuma ni ne ban fayyace ba. Ranar da na rubuta sunan mutum ɗaya a gaban kowane aiki, wutar ta mutu.

Tara kuma ba kaɗan ba ne. Mutum biyar, alaƙa 10 ce tsakaninsu. Tara kuwa 36. Tun 1913 wani injiniyan Faransa, Ringelmann, ya nuna da jan igiya cewa yadda ake ƙara yawan masu ja, haka kowa ke rage ƙarfinsa. Shi ya sa nake raba babban aiki ga mutum uku ko huɗu, inda ba wurin ɓuya.

Da Google ya binciki tawagoginsa 180, abin da ya fi bambanta masu nasara shi ne mutum ya iya cewa "na yi kuskure" ba tare da tsoron a ci masa fuska ba. Wannan daga kanka zai fara. A zama na gaba, faɗi wani kuskuren da kai ka yi, ka bar ƙaramin cikinsu ya fara kawo ra'ayi, kai ka zo ƙarshe. Sai ka lura da wanda bai ce uffan ba, ka same shi shi kaɗai bayan an tashi.