Ga ƙanena da ya tambaya ko ba ma jin tsoro

Ƙanena, na ga tambayoyinka, kuma ban ji haushi ba, don na san ba da mugun nufi ka yi su ba. Ka ce kana mamakin yadda muke zaune a kudancin garin Kaduna cikin ƙabilu, muna ba su 'ya'yanmu aure, muna shiga coci ɗaya da su, ga kuma halin da ƙasa take ciki. Ka tambaya ko ba ma jin tsoro, ka ce me zai hana mu tattara mu dawo gida, mu shiga addinin dangi mu huta. Sai ka rufe da wadda ta fi tsaya mini a rai, wai ko har yanzu muna ɗaukar kanmu Hausawa.

Da wannan ta ƙarshen zan fara. Kakanmu ɗaya da kai. Bamaguje ne, manomi a ƙasar Malumfashi, mai rumbuna cike da dawa da tsafinsa na gado. 'Ya'yansa suka tashi, babanka ya musulunta, babana ya bi masu bishara da ke zuwa ƙauye suna koyar da karatu da ba da magani. Su biyun duk sun bar abin da ubansu yake yi wa yanka. Ban taɓa jin wanda ya tambayi babanka ko ya daina zama Bahaushe ranar da ya kama salla ba. To me ya sa kullum gidanmu ake yi wa wannan tambaya? Da Hausa muke addu'a, da Hausa muke waƙa a coci, Littafi Mai Tsarki da ke hannunmu na Hausa ne, tun 1932 aka buga shi cikakke. In ka je Wusasa ta Zariya za ka ga cocin da aka gina a 1929, ginin ƙasa irin na magina Hausawa. Asibitin Barau Dikko da ke nan Kaduna sunan Kirista ɗan Wusasa yake ɗauke da shi, likita na farko da Arewa ta samu, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Ba jiya muka fara ba. Muna da taronmu na Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, in ka ga babbar riga da hula da mayafai ranar taron, ba ka bambance mu da mutanen Kano sai an ɗaga waƙa.

Mahaifiyarmu, Allah ya ba ta hutawa, har ta koma ga Ubangiji ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba, ɗan fari ne. "Wannan yaron" take cewa, ko da ya yi furfura. Ni ma ban iya kiran sunan maigidana a gaban mutane. Ina durƙusa wa surukaina. Daddawata daga Katsina ake kawo mini, don ta kasuwar Sabo ba ta yi mini. In ba wannan ne Hausanci ba, sai ka gaya mini mene ne.

Maganar aure kuwa, ita ce kuka fi yi mana gori a kai, kuma a nan nake ganin ba ku yi mana adalci. Mu Hausawa Kirista ba mu da yawa, kuma a warwatse muke, wasu a ƙauyukan Kano, wasu a Katsina, wasu a Zariya. Yarinya ta tashi a Kaduna, a makaranta da ƙungiyar mawaƙa ta coci Bajju take gani da Atyap da Gbagyi da Ham. Wa za ta aura? Ku kuma, ka sani na sani, in saurayinmu ya nemi 'yarku ba za ku ba shi ba sai ya bar addininsa, in naku ya nemi tamu kuna murna don kun san inda za a ƙare. Ba zargi nake yi ba, ka'idar addininku ce, kuna da ikon riƙe ta. Amma wanda ya rufe ƙofarsa bai kamata ya yi ƙorafin an shiga ta maƙwabci ba.

Maigidana Bajju ne daga wajen Zonkwa. Da iyayensa suka zo neman aurena, Baba bai rage musu komai ba. Sai da suka kawo kuɗin gaisuwa, suka yi lefe akwati-akwati, aka yanka sadaki a gaban shaidu da goro. Aka yi mini lalle, aka yi kamu, gwaggonninmu suka kai gara bayan biki: buhun shinkafa, man gyaɗa, alkaki, dubulan. Abin da ya bambanta kawai shi ne fasto ya ɗaura auren a coci. Mutanen Zonkwa suka yi ta mamakin yawan kayan ɗaki. Uwar mijina ta koya mini gwaten acca, ni na koya wa 'ya'yanta mata fura da dambu. Shekaru sun tafi, ban taɓa kwana da yunwa ko duka a gidan nan ba.

Ba zan ɓoye maka inda yake mini ciwo ba. In an yi rikici a wani ƙauye aka kashe mutane, aka zauna ana zagin Hausawa a tsakar gida, sai wani ya juyo ya gan ni, a yi shiru. Wani lokaci ba a ma yin shirun. Na sha tashi in shiga ɗaki. Sannan ga Hausar yarana, irin ta kudancin gari ce, mace ma "ya zo" suke ce mata, rabi Turanci rabi Hausa. Ina gyara musu har na gaji. Ranar da babban ɗana ya je neman takardar shaidar asali ta wajen kakansa na uwa, don wata dama da aka ce ta 'yan jiha ce, mai ba da takardar ya kalli sunansa ya ce ba su da irin wannan suna a ƙasarsu. A can an ce ba namu ba ne, a nan ana ce masa ɗan Bahaushiya.

Ka tambaya ko ba ma jin tsoro. Muna ji ƙwarai. Kai labari kake ji a rediyo, mu a kanmu aka yi.

Baba ya zo Kaduna aikin masaƙa ne a Kakuri, lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, amma a Tudun Wada ya kama haya, don a nan mutanenmu na Katsina suke. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, mu kaɗai ne Kirista a ciki. Da Salla a cika mana kwanuka da nama, da Kirsimeti Inna ta sa a kira mahauci Musulmi ya yanka akuya don kowa ya ci. Haka muka tashi har watan Fabrairu na 2000, da rikicin Shari'a ya ɓarke. Hayaƙi ta ko'ina, ihu a bakin layi. Mai gidan da muke haya, wani dattijo Alhaji, ya kwashe mu ya kai mu ɗakin uwargidansa, ya ba mu hijabai ni da ƙannena, ya ja tabarma ya zauna a zaure da carbinsa. Da dare ya shigo ya tsuguna kusa da Baba, muryarsa tana rawa, ya ce, "Malam, in suka shigo, ka faɗi kalmar shahada da baki kawai. Allah ya san zuciyarka. Ka dubi yaran nan." Don ƙauna ya faɗa, ba don komai ba. Baba ya riƙe hannunsa ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Alhaji, kai da a ce maka ka yi musun Annabinka da baki kawai, za ka yi?" Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce a'a. Baba ya ce, "To ni ma haka. Wanda ya kawo ni yau shi yake riƙe da gobe." Alhaji ya tashi ya koma zaure, kuma duk wanda ya buga ƙofa a daren nan shi ya fita ya rantse masa cewa iyalinsa ne kaɗai a ciki. Har yau ina sa shi da zuriyarsa a addu'a.

Da sojoji suka fitar da mu muka haye gadar kogin Kaduna zuwa kudu, mun ɗauka mun tsira. A can kuma samari suka tare yayanmu, sun ga kaftani, sun ji Hausar Katsina a bakinsa. Ya ce shi Kirista ne, suka ce ƙarya yake. Aka sa shi ya karanta Addu'ar Ubangiji, adda a kansa. Ya fara "Ya Ubanmu wanda ke cikin sama" bakinsa na karkarwa, har ya kai ƙarshe, sannan suka sake shi. A yini biyu an nemi ranmu saboda addininmu, an kuma nemi ranmu saboda Hausancinmu. Shi ya sa in wani daga gida ya ce mun zama ƙabilu, sai in rasa abin da zan ce masa.

Tun daga lokacin garin ya rabu, kogi ya zama iyaka. Kirista suka tattaru a Sabon Tasha da Television da Narayi da Unguwar Romi, Musulmi suka koma Rigasa da Tudun Wada da Kawo. Rikicin 2002 da na bayan zaɓen 2011 suka ƙarasa abin da ya rage. A 2012 aka shiga kai wa coci-coci harin bam, har da cocin Katolika na St. Rita a Malali, daga nan muka saba da a laluba jakar mace a ƙofar coci, a ajiye mota nesa. Yanzu kuma masu garkuwa da mutane ne. A Yulin 2021 aka kwashe ɗalibai sama da ɗari daga makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun. A Maris na 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. A Maris na 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga. Wannan bala'in ba ya tambayar addinin kowa, kuma ku ma a Katsina kun san shi, don haka dawowa gida da kake cewa ba gudun tsira ba ne. Gonarmu da ke bayan gari mun bar ta, ciyawa ta cinye. Masaƙun da suka kawo iyayenmu sun rufe tuntuni. Ɗana ya gama jami'a ya yi bautar ƙasa, yana zaune. Ban san abin da shekara mai zuwa za ta zo da shi ba.

Abin da muke yi da tsoron shi ne muna kai shi gaban Allah kowace safiya. Kafin gari ya waye maigida yana tashin kowa, mu zauna a falo, a yi waƙa ɗaya, a karanta aya, a yi addu'a da sunan kowane yaro. Wadda Baba ya fi so tana cikin Ishaya sura 41, inda Allah yake cewa kada ka ji tsoro gama ina tare da kai, da kuma maganar Yesu a Matiyu sura 6 cewa kada mu damu da gobe, wahalar kowace rana ta ishe ta. Ba a yi mana alkawarin ba za mu sha wuya ba. Wanda muke bi ma an gicciye shi. An dai yi mana alkawarin ba za a bar mu mu kaɗai ba, kuma ni na ga haka da idona a ɗakin matar Alhaji. Dogara ga Allah a wurinmu ba naɗe hannu ba ne. A Zumuntar Mata ta coci muna da asusu, in an ɗauke mijin wata ko ɗanta, kowa ta kawo abin da take da shi, mai mudun masara ta kawo, mai zane ta sayar. Mu je mu kwana da ita, mu yi ta waƙa ana buga tulu har ta samu barci. Akwai waɗanda suka dawo, akwai waɗanda aka biya kuɗi ba su dawo ba, matansu kuma suna nan suna zuwa sujada ranar Lahadi. In ka ga irin waɗannan matan sun ɗaga murya suna yabon Allah, ba za ka ƙara cewa don abin duniya ko don Turawa muke wannan addini ba.

Kuma ka yi tunani, ƙanena. Da zan bar bangaskiyata don in samu kwanciyar hankali a cikin dangi, wane irin musulunta ke nan? Kai kanka ba za ka so Musulmin da tsoro ya kawo ba. Ku kuna cewa tawakkali, kuna cewa Allah ya ƙaddara, kuna shiga mota ku bi hanyar Funtuwa da addu'a a baki. Mu ma haka muke bin hanyar Kachia. Kowannenmu ya san wanda ya dogara gare shi.

Ƙorafina ɗaya da ku shi ne zumunci. Da Baba ya rasu, mutum biyu ne suka zo daga gida, suka tsaya a wajen coci har aka fito da gawa. Ban ce su shiga ba, na gode ma da suka zo. Amma mutumin da bai taɓa fashin zuwa suna ko ta'aziyya a gidajenku ba, wanda duk Babbar Salla yake aika kuɗin rago ga ƙaninsa, ya fi ƙarfin mutum biyu. Mu muna zuwa, ku ba ku zuwa, sannan a ce mu ne muka bar gida. Zumunta a ƙafa take, haka iyayenmu suka ce, ba su ce a ƙafar ɓangare ɗaya ba.

Bayan Kirsimeti za mu aurar da 'yata ta biyu, wadda 'yarka ce kai ma, yaron Atyap ne, malamin makaranta, mai hankali. Kai ne ƙanin uwa, da kai ya kamata a karɓi sadaki. Mahauci Musulmi ne zai yi yanka kamar yadda Inna ta saba, akwai masallaci a Barnawa ba nisa da mu, kuma ɗakin baƙi yana nan. Ka zo da matarka da yara su ga 'yan'uwansu. In kun sauka a Kawo ku hau motar Sabo, ka kira ni kafin ku haye gada, zan turo yaro ya tarye ku. Ka gaida mini da Gwaggo, ka ce mata ta haɗo ni da daddawa da kuka.