Tambayi Likita: "Na sha magani na warke, wace shaida kuma ake nema?"

Tambaya: Likita, duk lokacin da mura ta kama ni, in na sha antibayotik kwana uku sai in ji garau. Wannan karon likitan da na gani ya ƙi rubuta min, wai ba ya yi wa mura komai. Ai gani ya kori ji. (Wani magidanci)

Amsa: Malam, ban musa cewa ka warke ba. Amma da ba ka sha ba fa, me zai faru? Ƙwayar bairos ce ke kawo mura, antibayotik kuwa bakteriya yake kashewa. Mura takan tsananta a kwana na biyu ko na uku, ta lafa cikin kwana 7 zuwa 10. Mutum kuma ba ya neman magani sai ranar da hanci ya toshe, kai ya yi nauyi, barci ya gagara, wato lokacin da ciwon ya kai maƙura yana shirin sauka. Duk abin da ka haɗiya a ranar, shi zai kwashe yabon.

Shi ya sa masu bincike ba sa gamsuwa da labarin mutum ɗaya. A 1948 aka wallafa gwajin maganin streptomycin kan tarin fuka a Birtaniya. An raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba likita ne ya zaɓa ba: mutum 55 sun samu maganin da hutu a gado, 52 hutun kaɗai. Cikin wata shida, 4 suka rasu a rukunin farko, 14 a na biyu. Rukuni na biyun nan shi ne ma'auni, kai kuwa ba ka da shi.

Likitanka ya yi daidai. Shan antibayotik ba gaira ba dalili yana iya jawo gudawa, yana kuma sa ƙwayoyin cuta su saba da shi har ya daina ci. Ka koma asibiti idan zazzaɓi ya wuce kwana uku, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji na ciwo.

Tambaya: Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa, ta ce da zarar hadari ya haɗo take jin sa. Gaskiya ne? (Wata mai karatu)

Amsa: Malama, Allah Ya ba Mama lafiya. Ciwonta gaskiya ne, danganta shi da hadari ne ke buƙatar dubawa. A 1996 Donald Redelmeier da Amos Tversky sun wallafa binciken da suka bi masu ciwon gaɓɓai 18 na tsawon wata 15, suna auna ciwonsu lokaci-lokaci suna kwatanta shi da yanayin lokacin. Kusan dukkansu sun yi imani yanayi na taɓa su, amma alƙaluma ba su nuna alaƙa ba. Bincike ne ƙarami, wasu da suka biyo baya sun ga ɗan tasiri kaɗan. Abin da ya fito fili shi ne halin ƙwaƙwalwa: tana riƙe ranar da ciwo da ruwa suka zo tare, ta manta ranar da gwiwa ta hana barci alhali sama tas take. Mu likitoci ma ba mu tsira daga wannan ba. Ki samu ɗan littafi, kullum da dare ki rubuta ƙarfin ciwon daga 1 zuwa 10, da yanayin ranar, da aikin da ta yi. Bayan wata biyu ku kai wa likitanta.

Tambaya: Ɗan maƙwabciyata ya daina magana bayan allurar ƙyanda, an ce lalurar otizim ce. Ina tsoron kai nawa. (Mahaifiyar yara biyu)

Amsa: Na fahimci tsoronki, Hajiya, yaro ɗaya da kika gani da idonki ya fi dubun da ba ki sani ba nauyi a zuciya. Sai dai ana yin allurar ne tsakanin wata 9 zuwa 15, gwargwadon ƙasa, alamun otizim (lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane) kuma galibi a shekara ta biyu iyaye ke lura da su, ko an yi allura ko ba a yi ba. Lokacin ne ya zo ɗaya. Zargin ya yaɗu ne daga rahoton wani likitan Birtaniya, Andrew Wakefield, na 1998 kan yara 12 kacal. Mujallar likitanci ta Lancet da ta wallafa shi ta janye shi a 2010, shi kuma aka soke sunansa daga rajistar likitoci. A 2019 masu bincike a Denmak suka fitar da sakamakon bibiyar yara sama da 650,000, ba su ga ƙarin otizim a waɗanda aka yi wa allurar ba. Ƙyanda kuwa tana makantarwa, tana kisa. Don Allah ki kai shi.

Tambaya: Na karanta cewa masu shan ƙwayar bitamin sun fi lafiya. In fara? (Wani ɗalibi)

Amsa: Ɗan'uwa, duba su wane ne masu shanta. Sau da yawa su ne masu motsa jiki, masu zuwa asibiti a kan kari, marasa shan taba, ka ga ba a san wanne ya yi aikin ba. An taɓa kyautata zato ga sinadarin beta-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, har aka gwada shi ta ƙuri'a kan maza masu shan taba kusan 29,000 a Finlan. Sakamakon 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a waɗanda suka sha. In kana zargin wani sinadari ya yi ƙaranci a jikinka, je a gwada jininka tukuna, likita ya faɗa maka wanda za ka sha da adadinsa.