Tambaya da Amsa: Ɗalibi zai iya koya wa ɗan'uwansa sana'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni ce mai kula da walwala a ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarmu a wata jami'a. Bara mun haɗa kuɗi muka ɗauko wata mata daga cikin gari ta koya mana haɗa sabulun ruwa, man shafawa, turaren wuta da humra, duk a kwana biyu. Ɗaki ya cika, an yi hotuna, an raba takardar shaida. Yau ban ga ko mutum ɗaya da ke sayar da abin da ya koya ba. Bana asusunmu ba nauyi, shi ne wasu suka ce mu riƙa koyar da junanmu, wasu kuma suka ce ɗalibi ba zai ga girman ɗan'uwansa a matsayin malami ba. Mene ne shawararki? Daga 'yarki, wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Ina tare da masu cewa ku koyar da junanku, kuma ba don rashin kuɗi kaɗai ba.

Abin da ya faru bara ba laifin baiwar Allahn nan ba ne. Sana'a huɗu a kwana biyu, ita tana damawa ku kuna kallo, ai kallo aka yi, hannu bai taɓa komai ba. Ki leƙa shagon tela a kowace unguwa, ko rumfunan gyaran waya na Farm Centre a Kano, ko Panteka a Kaduna. Sabon yaro da guga da sa maɓalli yake farawa, ko kunce waya da ɗaure ta, kuma sau da yawa ba maigida ne ke tsaye a kansa ba, babban yaron shago ne, wanda ya riga shi da shekara ɗaya ko biyu. Shi ne bai manta inda abin ke ba sabon shiga wuya ba, shi ne kuma ba a jin kunyar sake tambayarsa.

Masu koyarwar suna cikinku. Akwai mai yin lalle da kitso a ɗakin kwanan mata, akwai mai wankin hula, akwai wanda kowa ke kai wa waya idan ta daina caji, akwai mai buga wa 'yan ajin ƙarshe aikin bincikensu a kwamfuta. Ki kuma nemi waɗanda suka dawo daga SIWES, shirin aikin gwaji na ɗalibai da hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF ta fara a 1973. Wasunsu sun yi watanni a masana'anta ko gareji. Sharaɗi ɗaya nake so ki riƙe da ƙarfi: wanda zai koyar ya kawo aikin hannunsa a gani, kuma ya zama akwai masu ba shi kuɗi a kan wannan aikin. Iya magana a gaban taro ba ya cikin lissafi. A nan batun girma yake warwarewa, domin wadda ta ga lallen da aka zana wa amarya aka biya, ba za ta tambayi ajin mai zanen ba.

Kada ki jingina da 'yan ajin ƙarshe, hankalinsu na kan fita. Ki ɗauki 'yan aji biyu da aji uku, kowa da mataimaki daga ajin da ke ƙasa da shi, kowa da masu koyo biyar zuwa shida. Sana'a biyu sun isa a zango guda, ana haɗuwa duk Asabar, a tsaya mako uku kafin jarrabawa. Ɗan kuɗin da kuke da shi, ku gayyato ƙwararre ɗaya ya zauna da masu koyarwar kawai, ya gyara musu hannu, ya nuna musu yadda ake fitar da kuɗin kaya da ladan aiki da riba. Wannan lissafin ne ke kayar da yawancin masu sabuwar sana'a.

A biya su. Yarinyar da ta koya wa mutum shida lalle ta samar wa kanta abokan gasa shida a cikin makaranta ɗaya, ga Asabar ɗinta ta tafi. Mai koyo ya sayi kayan aikinsa, ya ƙara ɗan wani abu da za a tara wa malaminsa. Na lura wanda ya cire ko kaɗan ne daga aljihunsa ba ya fashin zuwa.

Idan kuka koma kan sabulu, don Allah a kiyaye. Soda, wato sinadarin haɗa sabulu mai ƙona fata (caustic soda), ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kan soda. A sa safar hannu da tabarau, a guji tukunyar dalma, a yi a fili mai iska, ba a ɗakin kwana ba. Wadda kuma za ta ɗura sabulu ko man shafawa a mazubi ta kai kasuwa da sunanta, sai da rajistar NAFDAC.

Takardar shaidar ƙungiya ba ta da nauyi a wajen neman aiki, ku faɗa wa mutanenku gaskiya. Wanda hannunsa ya faɗa a ɗinki, walda ko aikin lantarki ya nemi jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake hawa daga mataki na uku zuwa na ɗaya. Ki kuma kai takarda cibiyar koyar da dogaro da kai ta jami'arku. Tun zangon 2007/2008 aka wajabta darasin dogaro da kai a manyan makarantu, kuma sau da yawa akwai ɗaki da kayan aiki da za a iya ara muku ranar Asabar.

Ki sayi babban littafi ɗaya. A rubuta sunan kowane mai koyo, abin da ya haɗa da hannunsa, ma'aunin kowane haɗi, da inda aka sayo kaya da farashinsu. Ranar da za ku sauka, ki miƙa shi ga wadda ta gaje ki tare da sunayen mataimakan nan, su ne malaman baɗi. Allah ya yi muku jagora.